Ƙarfen da Ɗana Ya Ɗaga

Abin da na fi nema a garin nan namu na rasa shi ne dariyar samari. Ba wai ba a dariya ba, ana yi. Amma gajera ce, mai kaifi, ta hanci take fita idan mutum ya ga wani abu a cikin wayarsa, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya duba ya yi tsaki ya mayar masa. Nakan zauna da hantsi a gindin gawon ƙofar gidana ina tufka igiyar kaba, ina kallonsu a rumfar mai shayi da ke tsallaken hanya. Maza ne cikakku, wasu har furfura ta fara leƙowa a gemunsu, kowa ya jingina motonsa, wato babur, yana jiran wanda zai ce a kai shi Hawandawaki ko Tasawa. Magana kaɗan sai murya ta tashi, sai a miƙe tsaye, sai a riƙe wani. Na daɗe ina cewa rashin tarbiyya ne. Na daina faɗin haka tun ranar da abin ya shigo gidana.

Lokacin da muke samari, ba agogo ke tashe mu ba. Kafin gari ya waye za ka ji luguden 'yan mata daga gida zuwa gida, taɓarya na amsa taɓarya, sai kukan igiyar guga a kan icen bakin rijiya, sai gyaran muryar mahaifinmu a ƙofar ɗakinmu. Gyaran murya ɗaya yake yi, ba ya ƙarawa. Da damina mu duka a gandu muke wuni, mu da ƙannen mahaifinmu da 'ya'yansu, a jere, hauya na faɗuwa tare, har a kawo fura a ƙwarya mu zauna a inuwar kalgo mu sha. Da rani kuwa ga ɗebo kaba, ga gyaran darni, ga yaɓen rumbu, ga shayar da dabbobi. Mahaifinmu ba mai yawan magana ba ne. In ya ga ɗayanmu ya haɗe rai, sai ya ce, "Ɗauki gatari ka tahi ka saro mana ƙirya. In ka dawo ka gaya mini abin da ke damunka." Wanda ya taɓa saran ƙirya ya san abin da ake nufi. Kafin ka kayar da ita ka ɗauro, tafin hannunka ya yi bororo, abin da ke damunka kuma ya bi gumi. Ranar da gemuna ya fara tsirowa, sai ya kira ni muka fita bayan gari har inda gonaki suka ƙare daji ya fara. Ya nuna mini wata aduwa da sandarsa ya ce, "Daga nan har inda ƙarfinka ya tsaya, gamanarka ce." Gamana ita ce gonar da saurayi ke noma wa kansa bayan ya tashi daga gandu. Abin da ka samu a cikinta naka ne, da shi za ka yi riga, da shi za ka nemi aure. Na koma gida a ranar ina jin ƙasa na amsa takuna. Ba wanda ya sake ce mini yaro.

Amma kada wani ya ji wannan ya ɗauka zamaninmu na lumana ne. Mun zubar da jini, da rana tsaka, da idonmu biyu.

A shekarar da aka ba ni gamana, bayan an gama kaka an cika rumbuna, sarkin dawa ya sa aka buga gangar farauta. Garuruwa da yawa ke haɗuwa a irin wannan farauta, can wajen gulbin kaba ta hanyar Mayahi, inda goriba ta yi duhu har rana ba ta taɓa ƙasa sosai. Kowa da karnukansa, kowa da abin hannunsa: kere, kulki, gatari, wasu da barandami a kafaɗa. Akwai wata al'ada da ake kira ƙwace. In ka kashe nama, wanda ya fi ka ƙarfi yana iya zuwa ya karɓe, in ba ka da mai tsaya maka. Ni ina da mai tsaya mini, wato wana, wanda nake bi. Ɗan kokawa ne, ƙato, wuyansa kamar turmi, kuma mutum ne mai raha, yara ke hawa bayansa a dandali. Da hantsi ya yi zafi sai barewa ta tashi. Karenmu ya bi ta ya kama ta a ƙafar baya, na iso na make ta da kere, na durƙusa na yanka. Ban gama share wuƙa ba sai na ga ƙafafu sun kewaye ni. Samarin wani gari ne na arewa da mu. Na gabansu dogo ne, da layu a damtse, bai fi wana shekaru ba.

"Sake ta, ƙane," ya ce.

Na ce, "Karenmu ya kama, wuƙata ta yanka."

"Mu munka tashe ta tun daga tudu. Sake ta, ka tahi da ƙahwarka."

Na riƙe ƙahon barewar ban saki ba. Ban ga lokacin da ya ɗaga kulkin ba, sai dai na ji kamar an fasa tulu a cikin kaina, jini ya rufe mini ido. Ina kwance na ji ihun wana. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, kuma ban sake ji ba. Kafin in share fuskata mutanenmu sun iso, nasu ma sun iso, wurin ya rikice. Ba a kirari, ba a zagi, sai nishi da ƙarar ice a kan ƙashi, karnuka su ma sun kama junansu a tsakanin ƙafafunmu. Na ga wani ɗan ƙanen mahaifinmu yana rarrafe, haƙoransa a cikin tafin hannunsa. Na ga wani daga cikinsu yana gudu, kunnensa na reto a kan fata. Sai na ga barandamin wana ya tashi sama ya sauka. Dogon nan bai faɗi nan take ba. Ya tsaya, ya dubi kafaɗarsa inda ta rabu da wuya, sa'an nan ya zauna a kan yashi a hankali kamar wanda ya gaji da tafiya. Faɗan ya tsaya cak. Dogon ya ce, "Ku ba ni ruwa." Wana ne ya jefar da barandamin ya ruga ya ɗauko gyanɗama, ya tallafe kansa ya ba shi. Ruwan na shiga, jini na fita. Kafin la'asar ya cika. Barewar da aka yi abin dominta, ba wanda ya sake tunawa da ita. Karnuka suka cinye ta.

Maganar ta kai gaban sarki a Tasawa, aka yi abin da shari'a ta ce, wana ya yi zaman kaso na wani lokaci. Mu muka ɗauka shi ke nan. Sai da ruwan shuka ya sauka, muka ɗauko sungumi za mu nufi gandu, mahaifinmu ya ce ba can muka nufa ba. Ya sa mu gaba har garin mamacin, har gonarsa. 'Yan'uwansa suka fito da gatura suka tsaya a kan iyaka. Uwarsa ta zo ta zauna a ƙasa, matarsa na tsaye a bayanta da jariri a goye. Mahaifinmu ya cire takalmansa, ya durƙusa a gaban tsohuwar, shi da bai taɓa durƙusa wa kowa a gabanmu ba. Ta tofar da yawu a gefen gwiwarsa. Bai motsa ba. Ya juyo ya ce mana, "Kun rage wa gidan nan hannu biyu. Har yaron can na goye ya iya riƙe hauya, naku hannuwan nasu ne. Ku shiga." Muka shiga muka shuka, bayanmu na jin idon masu gatari. Ba wanda ya ba mu ruwan sha. Haka muka yi noman farko da maimai, muka yi girbi, muka ɗaure dammuna muka kai musu rumbu, tamu gonar na jira. Da wana ya fito, shi ya karɓi aikin a kansa. Bai sake shiga filin kokawa ba. Damina ta bi damina, har wata rana muna tsakiyar noma sai ga wata yarinya da ƙwaryar fura a ka, ta ajiye mana a gindin sabara ta juya. Wana ya zauna ya sa fuskarsa a cikin hannuwansa. Ya ci gaba da noma gonar nan har jaririn ya zama saurayi, ya zo da kansa ya ce masa ya huta.

Da wannan na girma. Na ɗauka fushin namiji abu ne da ke da inda yake farawa da inda ake kai shi a sauke. Ban lura ba cewa duk abin da mahaifinmu ya yi, da ƙasa ya yi shi. Yana da dajin da zai nuna wa saurayi, yana da icen da zai tura shi ya sara, mamacin ma yana da gonar da za a noma masa.

Dajin nan ya ƙare a kan idona. Gona ta haɗu da gona har ba inda zomo zai ɓuya, gangar farauta ta ruɓe a rataye. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gandu tsakaninmu, abin da ya zo hannuna ba laifi, amma da na dubi 'ya'yana maza na ga in aka sake rabawa, kowa zai samu abin da jaki zai tsallake. Shi ya sa da aka buɗe lakkwal, wato makarantar boko, a garinmu na ɗauki ɗana na uku na kai shi. Yaro ne mai kai, mai sanyin hali, ko kaza ba ya iya riƙewa a yanka. Na ce masa, "Kai ba za ka yi noma ba. Ka yi karatu, za ka zauna a buro, ka yi aikin ofis." Ya yi. Daga nan ya wuce Tasawa, ya wuce Maraɗi, har Yamai. Ranar da ya dawo da diplom, takardar shaidar gama karatu, na yanka rago, na kira maƙwabta. Sai aka shiga jira. Ya zauna konkur, jarrabawar neman aikin gwamnati, ya sake zama, ya sake, har na daina tambaya. Ya samu koyarwa ta kwantiragi a wani ƙauye, abin bai ɗore ba, amma sunan ya liƙe masa: kowa Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran malaman lakkwal, wasu da girmamawa, wasu da wani abu a gefen baki. Yarinyar da ke jiransa ta gaji, ta auri mai shago. A ƙarshe uwarsa ta sayar da saniyarta aka saya masa moto, ya shiga kabu-kabu, yana ɗaukar mata da buhunan hatsi a kan yashi.

Daga nan ya yi shiru. Yana kwana a ɗakin zaure, ɗakin da ya kwana tun yana yaro, ƙannensa mata na aure suna barinsa a ciki. Wata rana jakinmu ya ture masa moto, sai na fito na same shi yana dukan dabbar da icen darni har jini na bin ƙafarta, shi kuma hawaye na bin fuskarsa. Na ƙwace icen na fara, "A zamaninmu..." Sai ya katse ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Baba, zamaninku ya wuce, namu kuwa bai zo ba. Ina kake so in tsaya?" Na ɗauke shi rashin kunya, na yi kwanaki ban amsa gaisuwarsa ba. Ba da daɗewa ba aka kashe abokinsa, wanda suka yi lakkwal tare suke kabu-kabu tare. Wani ya ɗauke shi haya zuwa ƙauye, a hanya aka fasa masa ƙeya da guduma aka tafi da moton. Masu amalanke suka tsince shi a cikin geza. Ɗana ne ya ɗauko gawar a kan cinyarsa. Bai yi kuka ba a wajen jana'iza, ni kuma na ce a raina ya yi tawakkali.

Ranar kasuwar Tasawa ce. Na kai igiyoyina na shimfiɗa kusa da masu dabbobi. Rana ta take tsaka sai na ji an ce "Ɓarawo!" daga wajen da 'yan kabu-kabu ke ajiye moto. Kasuwar ta karkata gaba ɗaya kamar an tuntsurar da ƙwarya. Na tashi na bi, ba don komai ba sai don na san ɗana a can yake tsayawa. Da na kusa na hango wanda aka kama. Siriri ne, sa'an ɗana, da rigar 'yan ƙwallo a yage. Yana ɗaga hannu yana cewa, "Wallahi jingina na yi! Inuwa na biyo!" Wani ya ce ya gan shi yana taɓa makunnin wani moto. Ba wanda ya tsaya ya ji sauran. Dutse na farko ya same shi a baki. Sai ƙafar benci, sai bulo, sai sarƙar moto. Ya faɗi, ya tashi, aka sake kayar da shi. Abin da ya tsorata ni ba dukan ba ne, na ga duka a rayuwata. A faɗan farauta kowa ya san wanda yake duka da abin da ya sa. Nan kuwa mafi yawansu ba su san ko moton wa aka taɓa ba. Suna dukansa kamar sun daɗe suna nemansa. Na baya sun ɗaga wayoyi sama suna ɗauka. Na ga wani yana garo taya, wani yana tafe da kwalbar isansi, wato fetur.

Sai na ga ɗana. Yana tsakiya, da ƙarfen cire taya a hannu, rigarsa ta ɓaci. Dariya yake yi. Shekara da shekaru ban ga haƙoransa ba sai ranar. Na kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa, bai ji ba. Ban san inda na samu ƙarfin ba, na kutsa ta ƙarƙashin hammatar mutane, rawanina ya faɗi, na zube a kan yaron nan na rufe shi da jikina. Ƙarfen ya riga ya taso. A kafaɗata ya sauka. Na ji ƙashin ya ce ƙas a cikin kunnena, hannuna ya saki kamar ba nawa ba.

"Baba!" Ƙarfen ya faɗi ƙasa. "Baba, mi ya kawo ka nan? Ku tsaya! Ubana ne! Ku tsaya!"

Na kusa suka ja da baya, amma na bayansu ba su ga komai ba, sai turowa suke. Wasu suka ja ni ta ƙafa suka fitar da ni. Ɗana ya juya yana tare su da ƙirjinsa, shi da ya gama dukan, suka ture shi gefe. Ina kwance a cikin kashin awaki na ji warin isansi ya tashi. Allah ya sa jandarma suka iso kafin a ƙyasta ashana, taron ya watse, kowa ya zama ɗan kallo. Aka sa mu a mota ɗaya da yaron, ni da shi. Kansa na kan ƙafata. Yana ta motsa baki, na sunkuya ban gane abin da yake faɗi ba. Kafin mu kai likita ya daina.

Kafaɗar ta haɗu a karkace, har yau ba na iya ɗaga hannun sama da ƙirjina. Da na samu sauƙi na yi ta tambaya har aka gaya mini garin su yaron da ya mutu, wani ƙauye a ƙasar Sarkin Hausa, can wajen Mayahi. Na hau amalanke na tafi. Na samu uwarsa a wata bukka a bayan gidan ƙanen mijinta, tana tsince wake a faifai. Na gaya mata ko ni wane ne, ban ɓoye ba. Ta ce ɗanta ya je Aljeriya neman aiki aka koro su, ya dawo da rigar jikinsa, ya tafi Tasawa ko zai samu dako. Ko ya taɓa moton, ko bai taɓa ba, ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, kuma ba wanda zai sake sani. Sai na yi abin da na gada. Na durƙusa na ce, "Inna, ina da 'ya'ya maza. In ruwa ya sauka zan kawo su su noma miki gonarsa, bana da baɗi, har iyakar raina."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Wace gona, Malam? Da yana da gona, mi zai kai shi kasuwar Tasawa? An sayar tun shekarar da ubansa ya kwanta ciwo."

Na zo da abu ɗaya da na sani, ba inda zan ajiye shi. Ita ce ma ta tashi ta ɗebo mini ruwa, ta ce rana ta yi, in kama hanya.

Hotunan da aka ɗauka a waya sun yawata ko'ina, fuskoki a fili. Wasu daga cikin masu dukan suka tsallaka iyakar ƙasa, wasu suka yi arewa. Ɗana bai gudu ba. Ya wanke motonsa, ya miƙa wa ƙanensa makulli, ya zauna a ƙofar gida har jandarma suka zo da mota suka tafi da shi. Uwarsa ta bi motar da gudu har ta faɗi.

Na je ganinsa a gidan kaso da ƙullin ƙuli-ƙuli da ta ba ni. Aka fito da shi, an aske masa kai, muka zauna a kan benci. Ya kasa kallon kafaɗata.

"Tana ciwo, Baba?"

"In sanyi ya sauka. Bar wannan. Tambaya na zo yi maka, kuma yau zan saurare ka har ƙarshe. Yaron nan, shi ya kashe abokinka?"

"Ban sani ba."

"To don mi?"

Ya juya ƙullin ƙuli-ƙulin a hannunsa. Sa'an nan ya ce, "Ko fuskarsa ban gani ba, Baba. Da na ɗaga ƙarfen, ba shi nake gani ba. Ina ganin allon da ake liƙa sunayen waɗanda sunka ci konkur, ina bi da yatsa har ƙasa. Ina ganin yaran da na koyar suna tsayar da ni su ce, Mushe, kai ni tasha. Kun ce mu yi karatu, mun yi. Kun ce mu yi haƙuri, mun yi. Kun fid da ni daga gona, ban iya noma kamar yayyena ba, buro kuma ba a buɗe mini ba. Kullum in na duba waya, ga sa'o'ina a wasu ƙasashe da gidajensu da 'ya'yansu, ni kuwa in na shigo gida sai Inna ta zuba mini tuwo a kwanon da nake ci tun ina lakkwal. Shekarun da kake da su sanda ka aurar da ɗiyarka ta fari, su gare ni yanzu. Wa zan kama? Kai? Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Waɗanda sunka hana, ban san fuskarsu ba, ba su zuwa kasuwa. Ran nan sai aka ce ga mai laifi, ga shi a ƙasa, hannu na kai wa gare shi." Ya ƙara da cewa, "Daga baya na ji an ce shi ma koro shi anka yi. Da a rumfar shayi munka haɗu, da na zuba masa."

Na ce, "Mi kake so in kawo maka?"

"Ba komai. Ka ce wa Inna ina barci. Tun da na dawo daga Yamai ban yi barci kamar na nan ba. Nan ba mai tambayata yaushe zan fara aiki."

Mai gadi ya ce lokaci ya yi. Ɗana ya durƙusa ya kama hannuna mai lafiya ya ɗora a kansa, na bar shi a can har sai da aka taɓa shi ya tashi.

Na fito bakin hanya na tsaya. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, na gaya masa garinmu, ya taimake ni na hau. Muka bar kwalta muka shiga turɓaya. Ina zaune a bayansa ina kallon ƙeyarsa, ga furfura ƙwaya-ƙwaya a ƙarƙashin hularsa. Yana tuƙi a hankali saboda ni, yana kauce wa ramuka. Da muka yi nisa na matsa kusa da kunnensa na ce, "Ɗana, kai ma ka yi lakkwal?"

"Na yi, Baba. Har Yamai."

"Mi ka karanta?"

"Aikin gona," ya ce. "Riƙe ni da kyau, akwai yashi gaba."